Ƙafar Da Ta Motsa Ranar Juma'a

"Wa ya yi maka wannan?!"

Ban san da ƙarfi na yi tambayar ba sai da tsohuwar da ake motsa wa hannu a gadon gefe ta juyo tana kallona. Ko a jikina. Idona na kan ƙafar mijina.

Musyu Harouna, mai yi masa gashin ƙafa a asibiti, wanda mu a nan Abidjan muke ce wa kine, ya naɗe masa wando zuwa gwiwa ya tsaya cak. A gefen gwiwar dama da kan ƙwauri ga ƙuna nan zagaye, kamar an kifa bakin kofin shayi mai zafi. Fatar ta saluɓe, har ta fara ruwa.

"Fatihu, da kai nake! Wa ya ƙona ka?"

Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa gatsal ba, Habibi nake ce masa. Jin sunan a bakina ya sa ya ɗago a razane, ya sake sunkuyar da kai.

"Ruwan zafi ne, sheri... wajen wanka." Haka yake ce mini, sheri, wato masoyiya da Faransanci.

"Non, mon frère," in ji Musyu Harouna yana girgiza kai. Haifaffen Treichville ne, Hausarsa rabi Faransanci ce. "Ruwan zafi ba ya yin zobe haka. Wannan kuran ne, wutar lantarki. Wace na'ura ka sa a gida?"

Fatihu ya kawar da kai. Ni kuwa a gidanmu babu wata na'ura da na sani.

Shekara guda da 'yan watanni ke nan da wata babbar mota ta yi baya-baya a tashar jiragen ruwa ta matse shi da kwantena. Aikinsa ke nan a da, fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tasha, a nan ma ya san mahaifina har ya san ni. Tun daga ranar ƙafafunsa suka daina jin maganarsa. Muka bar benenmu na unguwar 220 Logements muka koma gidan Innarsa a cikin Adjamé, saboda keken guragu ba ya hawa bene.

Abbana, Alhaji Abdulbaqi, mutum ne mai sona har ya yi yawa. Bayan azumi ya zo ya zauna a tsakar gidan Inna, ya ce ya yi haƙuri iya haƙuri. 'Yarsa yarinya ce, ko haihuwar fari ba ta yi ba, ba zai zuba ido ƙuruciyarta ta ƙare a jinya ba. In har Babbar Sallah ta zo ba a ga wata alama a ƙafar nan ba, Fatihu ya sawwaƙe mini.

Sai ga Juma'ar da ta wuce. Abba ya biyo dubiya bayan masallaci, Fatihu na zaune a kekensa an rufa masa zane a cinya. Ana cikin gaisawa ya ce, "Abba, duba nan." Muka duba. Tafin ƙafarsa ta dama ya ɗaga sama, ya koma. Ya sake ɗagawa!

Wallahi ban san lokacin da na zube a simintin nan na yi sujada ba. Na yi kuka har muryata ta dishe. Abba ya cire hularsa yana ta hamdala, ya ce ya janye maganarsa, a yafe masa. Washegari ya yanka rago ya raba sadaka a unguwarsu.

Tun daga ranar Fatihu ya ce in huta, yayansa Nomau ne zai riƙa yi masa wanka. Ni sakarya har daɗi na ji, na ce miji mai tausayi!

"Musyu Harouna," na ce. "Ranar Juma'a ƙafar nan ta motsa a gabana. Da idona na gani. Ka gaya min gaskiya, wannan ce ta motsa ta?"

Ya kalli Fatihu, ya kalle ni. Ya jawo mini kujera na ƙi zama.

"Madam, bari in nuna miki. Umarnin motsi daga kai yake fitowa, ya bi ta laka ya sauka ƙafa. Mijinki hanyar ta ji rauni a nan." Ya taɓa tsakiyar bayansa. "Amma jijiyoyin da ke ƙasa da raunin suna da rai, jira kawai suke a yi musu magana. In na sa musu kuran za su amsa, nama ya tsuke, ƙafa ta ɗaga. Ko barci yake yi za ta ɗaga."

Ya manna wasu 'yan faifai masu waya a ƙafar hagu, wadda ba ta ƙone ba, ya murɗa na'urarsa kaɗan. Tafin ƙafar ya ɗaga sama, ya koma. Sak irin na ranar Juma'a.

"To uban me muke zuwa yi nan?" na ce. Na san ban kyauta ba, amma bakina ya riga ya kuɓuce. "Kullum daga Adjamé zuwa Treichville, taksi ya gan mu da keke ya wuce kamar ya ga annoba! Ashe wasan 'yar tsana muke zuwa kallo?"

"Doucement, a hankali, Madam. Amfani akwai shi. Naman ƙafar ba ya shanyewa, jini yana gudu. Kuma lakarsa ba ta tsinke duka ba, akwai 'yan zaruruwa da suka saura. Shi ya sa kullum nake ce masa, lokacin da kuran ya shiga kai ma ka turo umarni daga kanka, kamar kai ne za ka ɗaga. In ana haɗa su a tare, wani sa'in abin da ya saura yakan ƙara ƙarfi. Wani sa'in fa na ce. Ban taɓa yi muku alkawari ba."

Ya juya kan Fatihu, fuskarsa a murtuke.

"Kai kuma, mon frère, wurin da ba ya jin zafi ba a ƙure masa wuta! Mai lafiya zai yi ihu ya fizge waya. Kai wa zai gaya maka kana ƙonewa? Yanzu ba zan sake sa komai a ƙafar nan ba sai ciwon ya warke, kuma ciwo a irin wannan ƙafa ba ya saurin warkewa. Ka mayar da mu baya."

Ya wanke ciwon ya naɗe. Tsohuwar gefe ta ce mini, "Yako, ma fille," irin sannun mutanen nan. Na tura keken muka fita.

A taksi na juya fuskata wajen taga. Muka haye gada, muka kutsa cunkoson Adjamé, 'yan gbaka, ƙananan motocin haya, na ihun neman fasinja, masu dako na gittawa da buhuna a ka. Sau biyu yana laluben hannuna ina janyewa.

Muna shiga gida na tarar da Inna Zalihatu na tsince shinkafa a tsakar gida, Yaya Nomau na gefe yana shan shayi. Shagon kayan lantarki yake da shi kusa da tashar mota, duk wani tarkace mai batir a wurinsa ake samu.

"Yaya Nomau, ina na'urar?"

Kofin ya tsaya a bakinsa. "Wace na'ura, amarya?"

"Kada ka raina min hankali! Wadda kuka gasa ƙafar ƙaninka da ita!"

Inna ta ajiye faranti. "Ke Afra'u, mi ya hwaru? Da wa kike wannan ɗaga murya?"

Ban amsa ba. Na durƙusa na naɗe wandon Fatihu, na ɗaga gefen bandejin. Inna ta leƙa, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Nomau, ba ka ce ɗan ja ne kawai ya yi ba?"

"Au, ke ma kin sani, Inna?"

Inna ta kawar da kai. Yaya Nomau ya fara kame-kame. Wai irin ta tausa ce, da yawa ya sayar ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Wai faifan sun bushe ba sa kamawa, shi ne suka ɗaure su da salatif. Wai sai an ƙure ta sannan motsin yake fitowa sosai yadda Abba zai gani daga nesa, shi ya sa suka yi ta gwadawa in na tafi kasuwa.

"Gwadawa!" na ce. "Ni ina can ina cinikin kifi, ku kuna nan kuna koyon yadda za ku yi wasa da hankalin ubana! Na yi sujada, Yaya Nomau! A nan, a wannan simintin! Kana tsaye kana kallona har da ce min barka! Abbana ya yanka rago ya raba wa bayin Allah a kan batir!"

Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Maƙwabta har sun fara leƙowa ta taga.

Inna ta miƙe, idanunta sun kaɗa. "To ki hwaɗi abin da za mu yi! Ubanki ya zo har cikin gidana ya yanka wa ɗana wa'adi, kamar mu muka ce mota ta taka shi! Yaron nan ba ya ci, ba ya barci, kullum lissahin Sallah yake. In zuba ido ya rasa ƙahwa ya rasa mata? Ke ba ki haihu ba, ba ki san abin da nike ji ba!"

"Inna, ki bari," in ji Fatihu. "Ba laifinsu ba ne. Ni na ce a kawo. Ni na riƙe ta a ƙarƙashin zane, ni na danna."

Na juya na kalle shi. Da ma a ce mari ya kwaɗa mini.

"Kai?"

"Ni."

"Ka kalli idona ina kuka, ka ƙara dannawa?"

"Na ƙara." Muryarsa ta fara hawa. "Kuma ko yau aka dawo da ranar sai na danna! Kin san me ake ji, mutum na zaune a keke wani ya zo ya ce zai ɗauke masa mata? Ba zan iya ko miƙewa in roƙe shi ba!"

"Sai ka tambaye ni! Ni ce matar! An taɓa tambayata? Abba ya yanke, Inna ta yanke, kai ka yanke, ni kuwa kamar kwantena kowa na neman hanyar fitar da ni! Kana tsammanin ƙafa na aura? Duk wankan nan, duk juyin nan da nake maka kada bayanka ya yi gyambo, jira nake ƙafa ta motsa ta biya ni?"

"To ranar da Abba ya faɗi maganar, me kika ce?"

Na buɗe baki.

"Me kika ce, Afra? Ina kallonki! Kin sunkuyar da kai kina wasa da bakin mayafi. Kalma ɗaya nake jira... ɗaya! Har ya tashi ya tafi ba ki ce komai ba. Me kike so in ɗauka?"

Hawaye ne ke zubo masa, bai ko share ba. Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Mu a gidanmu ba a mayar wa Abba magana. Na ɗauka zamana ya isa amsa, ashe shi shirun kawai ya ji.

Amma hakan bai sa na huce ba, sai ma ƙara tunzura ni da ya yi.

"Gobe za mu je Treichville wurin Abba," na ce. "Da bakinka za ka gaya masa."

Inna ta riƙo hannuna. "Ɗiyata, don Allah ki ruhwa mana asiri. Ya riga ya janye maganar. Ki bar ta a haka, wa zai sani?"

"In ya zo dubiya ya ce a sake ɗagawa fa, Inna? Sai ku gasa ɗaya ƙafar? In ita ma ta ƙone sai ina?"

Ta sake ni a hankali, ta koma ta zauna.

Washegari bayan la'asar muka tafi mu biyu. Na hana Yaya Nomau binmu, don in na ƙara kallon fuskarsa ban san abin da zan faɗa ba. Mai taksin ne ya kama mini keken muka haye matakalar ƙofar gidan Abba.

Abba na falo. Yana ganinmu ya washe baki.

"A'a, masu ƙafa! Har an fara yawo? Fatihu, jiya ma liman ke tambayata, na ce masa in sha Allahu da ƙafarka za ka je Idi."

Fatihu ya gaishe shi. Na ɗauka zai kasa, sai na ji ya fara. Bai rage komai ba, bai kuma ambaci Inna ko Yaya Nomau ba. Ya naɗe wandonsa da kansa ya nuna bandejin.

Ban taɓa ganin fuskar Abba ta yi irin wannan baƙin ba.

"Ni ka mayar abin wasa?" ya ce a hankali. Sai kuma ya daka tsawa. "Ni?! Na tsaya a gaban jama'ar masallaci na ce Allah ya yi ikonsa! Na nemi gafararka a gaban uwarka, ni da furfurata! Lalurar ƙafa ba laifinka ba ce, ban taɓa ganin laifinka a kanta ba. Amma ƙarya? Gurgu zan iya haƙuri da shi, maƙaryaci kuwa ba zai riƙe min 'ya ba!"

"Na yi kuskure, Abba."

"Ba sai Sallah ba. Yanzu, a nan. Ka sawwaƙe mata!"

Fatihu ya juyo ya kalle ni. Idon nan nasa da na fara so tun yana zuwa shagon Abba da takardun kaya, yau duk ya faɗa. Ya yi wani murmushi mai ciwo.

"Ki yafe min, sheri. Abba ya fi ni gaskiya." Ya ja numfashi. "Afra'u, na sa..."

Na toshe masa baki da tafin hannuna, da ƙarfi har kansa ya bugi bayan keken.

"Wallahi ka ƙarasa sai na... sai na..." Ban ma san me zan yi ba. "Kwanan nan ka ƙona ƙafarka don kada a raba mu, yau tsawa ɗaya za ka sake ni? Kai wane irin mutum ne?!"

"Afra'u!" in ji Abba. "Cire hannunki!"

Ban cire ba. Na durƙusa a gefen keken, hannuna na bakin mijina, na kalli mahaifina ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni.

"Abba, ka gafarce ni. Ya yi maka ƙarya, ni ma ya yi min, kuma na fi ka jin haushinsa. Amma wa ya koya masa cewa sai ƙafarsa ta motsa zai ci gaba da zama mijina? Mai gashin nan da ya yi karatun abin bai iya sa mata rana ba, mu muka sa mata! Ranar da ka faɗa na yi shiru don kunyarka, shirun nan ne ya kai mu nan. Yau zan faɗa. Wataƙila ta motsa, wataƙila har abada ba za ta motsa ba. Ko wanne ne, ba na son saki. Ina son mijina, Abba!"

Na ji ɗumin hawayen Fatihu na bin yatsuna.

Abba ya daɗe yana kallona.

"Don ke nake yi," ya ce. "Ke kaɗai uwarki ta bar min."

"Na sani, Abba."

"In kin zaɓi haka, ki je. Amma ranar da kika gaji, kada ki zo min nan da kuka." Ya juya mana baya, ya fuskanci bango. "Ku fita min daga gida."

Na miƙe na juya keken. Muka bi soron har bakin ƙofa, a nan na tsaya. Matakala ce a gabanmu, mai taksi ya daɗe da tafiya, layin kuma ba kowa sai wata mai suyar ayaba can nesa. Na gwada karkata keken baya, nauyinsa ya rinjaye ni, saura kaɗan mu kife tare.

"Bari in sauka in ja jiki," in ji Fatihu ƙasa-ƙasa.

"Rufe min baki!"

Na sake gwadawa, kuka ya ƙwace mini. Sai na ji takun takalmi a bayana.

Abba ne. Bai kalle ni ba, bai kalli Fatihu ba. Ya raɓa ta gefenmu ya sauka ƙasa, ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya sunkuya ya kama ƙarfen gaban keken, daidai inda ƙafafun surukinsa suke.

"Riƙe bayan da kyau," ya ce. "Kada ki bari ciwon ya bugu."

Muka sauke shi a hankali, Abba na nishi. Da tayoyin suka taɓa ƙasa ya gyara ƙafar daman da ta zame, ya mayar da ita mazauninta da hannunsa. Ya hau matakalar ya shige, ya turo ƙofa.

Na tsaya ina kallon ƙofar har sai da Fatihu ya kamo gefen mayafina.

"Afra... kin yafe min?"

"Ban yafe ba!" na ce, ina share fuska da bayan hannu. "Kuma ba yau ba, ba gobe ba. Ɗaga hannunka daga taya kada in murje maka yatsu, Habibi. Mu je mu nemi taksi."